Ƙofa Mai Faɗin Ciwo

Tun da aka kafa ƙofa mai faɗin ciwon kowa da babbar murya a bakin kasuwa, Ɗanlami bai sake leƙawa ba. Shekara uku gabansa na kumbure, babbar riga ce ke rufa masa asiri. Ko likita, ciwon ƙafa ya ce masa, don kunya.

Yau surukinsa ya ce ya raka shi sayen rago. Wa ke musa wa suruki?

"Bismilla, shige," in ji tsohon.

Ɗanlami ya taka. Ƙofar ta kira sunansa, ta fara: "Kumburin..."

Nan take tsohon ya ɓarke da salati, har ya danne muryarta.

Ɗanlami ya dubi surukinsa. Ashe Baba ya sani.