Alƙalin Aljihun Mutari

Mutari ya kifa wayarsa a kan tabarma, kusa da butar shayi, ya ce wannan karon ya gama da ita.

'Yan fada, abokan shan shayinsa, ba su yi mamaki ba. Kowa a unguwar Zango ta Damagaram ya san labarin. Mutari baduku ne, mai ɗinkin jakunkuna da takalman fata, kuma tun da ya sa manhajar nan mai hira kamar mutum a wayarsa, komai sai ya tambaye ta. Ta san sunayen 'ya'yansa, ta san masu sayen kayansa na Agadas, ta san yana son amsa da Hausa a gajarce, ba dogon Faransanci ba. Aibinta ɗaya ne. Duk gardamar da ya yi da matarsa Rahina, in ya kai ƙara gaban wayar, Rahina ce ke cin shari'a.

Ya ce a shafa wa ɗaki shuɗin fenti, Rahina ta ce fari. Waya ta ce fari ya fi sanyi. Ya ce a sayar da akuya, ta ce a bari ta haihu; waya ta ce a bari. Har zancen gishiri a miya bai tsira ba. 'Yan fada suka raɗa wa manhajar suna Alƙalin Aljihu. Mutari da kansa ke kawo musu labarin kowane kaye, da ƙarfi, yana dafe kai.

"Ka sake wata manhajar mana," in ji Idris mai gyaran babur. "Ai ba ita kaɗai ba ce a duniya."

Ya sake. Amma ya ce ba zai zauna yana koya wa baƙuwa sunayen mutanensa daga farko ba. Ya shiga shago, ya juya wa ƙofa baya, ya kwashe duk abin da tsohuwar ta adana game da shi ya zuba wa sabuwar. Ta gaishe shi da sunansa, ta tambayi ciwon gwiwarsa. Ba a jima ba aka yi musu a kan rufin kicin, ita ma ta bi Rahina.

Zargi ya koma gida. Wasu suka ce Rahina ce ke taɓa wayar, wasu suka ce babbar 'yarsa Lubna, mai ilimin lakkwal, wato boko.

"Ba mai taɓa wayar nan sai ni," in ji Mutari. "Da yatsana take buɗewa."

Ana cikin haka Lubna ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta samu gurbin karatun likita a Yamai. Rahina ta ce ta tafi. Sai ga Sha'ibu, yayan Mutari, ya taso daga Mirriya ya ce ba inda za ta. Yarinya ba ta nisa da gida haka.

Sha'ibu ne ya riƙe Mutari bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon dukanci, shi ya yi masa aure. Mutari bai taɓa ce masa a'a ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda ka ce, Yaya."

Lubna ta daina fitowa tsakar gida. Rahina ta daina yi wa mijinta magana sai ta dole. Shi kuwa ya duƙufa a shago yana ɗinkin wata babbar jakar tafiya, ya ce wani ne ya sa shi.

Ranar Juma'a Sha'ibu ya dawo don a rufe zancen. Aka zauna a zaure, da Idris da wasu dattawan unguwa. Mutari ya matso kusa da yayansa.

"Roƙona ɗaya, Yaya. Kada a sa waya a maganar nan. Kullum kunya take ba ni."

Sha'ibu ya yi dariya. Shi ma yana da tasa manhajar, wata iri dabam, wadda yake tambaya zancen damina da cutar gyaɗa, kuma ba ta taɓa saɓa masa ba.

"Ba ka iya zaɓe ba ne. Sa irin tawa. Abin da ta ce, na yarda, ga shaidu."

Mutari ya yi ta nuƙu-nuƙu, sannan ya sa. Ya ce to, bari ya kwaso mata bayanansa, don ta san wace ce Lubna. Sha'ibu bai ga laifin haka ba. Shi ya karɓi wayar, shi ya yi tambayar da bakinsa, ya jero duk abin da yake tsoro: nisa, birni, rashin mai sa ido.

Wayar ta fara da yaba masa a kan riƙon zumunci. Ta tuna masa cewa Fatima, ƙanwar Rahina, tana aure a Yamai, kusa da jami'a. Ta ce Damagaram na bukatar likitoci mata. Ta ce a bar yarinya ta tafi.

Idris ya kau da kai yana danne dariya. Sha'ibu ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya miƙa wa ƙanensa.

"Na riga na yi magana. Allah Ya sa albarka."

Ran tafiya, a tashar mota, ga Lubna da babbar jakar nan a hannu, Mutari ya yi ta gaya wa duk wanda ya tsaya cewa na'ura ta raba shi da 'yarsa. Da motar ta ɓace, ya hau kabu-kabu ya koma Zango, ya shiga shago ya turo ƙofa. Ya ciro wayar ya ɗora yatsa. Sabuwar manhajar ta tambaye shi ko akwai abin da yake so a gyara cikin bayanan da ya taho da su.

"Ko ɗaya," in ji Mutari, yana murmushi. "Ki riƙe shi yadda na gaya wa ta farko tun ranar da na sa ta: duk abin da Rahina ta ce, ki nemo masa hujja."