Maigida Mai Mita

Ana tsakiyar wasan kwaikwayo, zauren unguwa ya cika maƙil, sai maganar ta ɓace wa tela ɓat. Shi ya fito a matsayin maigida mai mita. Wata biyu ya yi yana haddace takardar wasan a shago, ko matarsa bai gaya wa ba. Yanzu ga shi tsaye a dandamali, baki buɗe, gumi na karyo masa.

Sai muryoyi uku suka haɗa baki daga layin gaba: "Wa ya taɓa min rediyo? A gidan nan ba a ganin girmana!"

Yaransa ne. Zaure ya kece da dariya, tela ya cafke maganar ya ƙarasa, aka yi ta tafi.

A bakin ƙofa ya tare matarsa. "Wai wa ya nuna wa yaran nan takardata?"

"Wace takarda, Baban yara? Karatun da suke sha kullum da safe?"

"To, wanda ya rubuta wasan, a ina ya ji?"

Ta gyara mayafi tana murmushi. "Ni na rubuta. Shekara goma kana min shifta."