Ɗari da Biyu

Shekarar da cutar bushiya ta shigo Gure tana kashe shanu, kumandan Faransawa ya sa a auna zafin jikin kowace saniya. Wadda ta wuce arba'in, a harbe ta. Mu guda ɗaya gare mu, kuma da nononta muke rayuwa. Da la'asar Baba ya ja ta zuwa bakin rijiya inda ake awon, ina biye da shi.

Malamin dabbobi ya zura mata wani siririn gilashi ta baya, ya zaro, ya karanta da ƙarfi: "Ɗari da biyu."

Gardi, dogarin kumandan, ya sauke bindiga daga kafaɗa. "Ko jaki ya san ɗari ta fi arba'in. Tsoho, janye yaronka."

Ni kuwa sai fitsari ya zubo mini.

"Dakata, sarkin gaggawa," in ji malamin. "Gilashina na Faransi ya fashe, wannan a Nguru na saye shi, can ƙasar Ingilishi. Ƙidayar Ingilishi daban take."

Ya durƙusa yana zane a yashi da yatsa, yana faɗi: a cire talatin da biyu, saura saba'in, a ninka sau biyar, a raba tara. Yau da furfurata nake koyon irin wannan lissafi, amma in na zo raba tara, sai in ajiye alƙalami.

"Talatin da tara, saura kaɗan. Lafiyarta lau. Baba, ja abarka."

Mun kama hanya ke nan muka ji an harbe ta maƙwabcinmu. Baba ya dafa ƙeyata ya ce, "Kada ka waiwaya."