Injiniyan da Ya Ari Rigar Likita

Kai da kake raina sana'arka, zauna ka ji. An yi wani saurayi da ya nemi karatun likita a jami'a bai samu ba, sai aka ba shi fannin injiniyancin na'urorin asibiti, wato aikin masu ƙera injinan da likita ke aiki da su, su kuma gyara su in sun lalace. Gogan naka ya ji kunyar abin. A ganinsa, wa zai yi guɗa don ɗansa ya zama mai gyara? Da mahaifiyarsa ta tambaye shi, sai ya ce karatun asibiti yake yi. Ta fahimci abin da take so ta fahimta, shi kuwa bai gyara mata ba. Shekara uku, duk ranar da 'yan ajinsu ke ɗakin gwaji suna kwance injina suna ɗaurawa, shi yana can gindin ɗaliban likitanci yana tsintar sunayen cututtuka. Har farar riga ya ara, in ya zo hutu ya rataya a kafaɗa, ƙauye kaf ana ta Likita, Likita.

Ana nan, ya zo hutu, wata ranar kasuwa da hantsi, ƙanwarsa ta haihu a ƙaramin asibitin garin, jaririn ya zo numfashi na yi masa wuya. Aka kunna injin ba da iska, ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu. Unguwarzoma ta ce a nemo duk wanda ya san inji. Gogan naka yana tsaye a ɗakin da farar rigarsa, ya kuwa gane irin wannan injin ne aka koya musu a aji biyu, makon da ya tsere. Ya durƙusa ya dube shi gaba da baya, ko inda ake buɗewa bai gane ba, ga jariri leɓɓansa sun fara sauya launi. Sai da aka ruga kasuwa aka kira wani tsoho mai gyaran rediyo. Tsohon ya kwance noti huɗu, ya ce, "Likita, haska min nan." Saurayin ya riƙe masa tocila. Ashe ɗan fis ɗin wutar injin ne ya ƙone. Tsohon ya zaro wani daga aljihu ya sa, inji ya tashi, jariri ya samu iska.

Wata mata ta ce, yanzu duk bokon nan a ce mai rediyo ya fi shi? Mahaifiyarsa ta yi caraf ta tare masa: "Ku ƙyale min ɗa, ina ruwan likita da gyaran inji? Ai ba shi ya karanta ba." Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, don shi kaɗai a ɗakin ya san cewa shi ɗin ya karanta. Ya cire rigar ya naɗe, ya kasa ɗaga ido ya dubi ƙanwarsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.