Muryar Direba a Bayan Ɗaki

Zauna ka ji, ba na maimaita magana.

An yi wani tsohon direban babbar mota da matarsa, Tabawa. Hawan jini gare ta, ga mantuwa. Shi kuwa mutum ne mai son kayan zamani, sai ya sayo wata 'yar baƙar sifika mai batir, ba ta fi gwangwanin madara ba, irin wadda ba ta aiki sai ta kama waifai. Ya ɗauki muryarsa ya saka mata, ya yanka mata lokaci. Kullum azahar ta yi, sai a ji gyaran muryarsa daga kan kabad: "Tabawa, kin sha maganin? Kar ki yi mini ƙarya, ina ganinki." Ita kuma ta ja tsaki, ta sha. Shekara uku ana haka, har Allah ya yi masa rasuwa. Ranar da aka kai shi ma, azahar na yi ya yi magana a gaban masu zaman makoki. Ita ta tashi ta sha maganinta. Tana cikin takaba, ba fita ba baƙo, wannan murya ce kaɗai ta rage mata daga mutumin da ta zauna da shi shekara arba'in.

Bayan sadakar arba'in babban ɗanta ya dawo gidan da iyalinsa. Ya cire tsohon akwatin waifai, ya kafa sabo, wai mai gudu. Daga ranar sifika ta yi shiru. Sai dai zoben haske da ke kanta ya yi ta juyawa, kamar idon mai neman wani a cikin taro. Ɗan ya ce ta mutu. Tabawa ba ta iya jefar da ita ba, sai ta kai ta lungun bayan ɗaki, jikin katangar maƙwabci, inda ake tara tarkace. A nan ne kuma aka yi wa marigayin wanka.

Washegari rana ta take, ba inuwa, ba iska, kaji sun lafe ƙarƙashin rumbu. Tana tsintar shinkafa sai ta ji gyaran murya daga bayan ɗaki. Faifan ya suɓuce mata. Ya tambaye ta ko ta sha maganin, ya ce yana ganinta. Ta lallaɓa ta ɗauko sifikar ta mayar kan kabad. Azahar ta zagayo, shiru. Ta sake kai ta lungu, ya yi magana. Sau uku tana gwadawa. A ɗakinsa, kan tabarmarsa, kusa da matarsa, ba ya cewa uffan. Sai a kan simintin da ruwan wankansa ya bi.

Magana ta fita. Mata suka daina zagayawa ta bayan ɗaki ko da tsakar rana. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, bai fasa ba. Surukarta ta ce ko dai abin nan ya bar gidan ko ita ta bar shi. Ɗan ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Inna, Baba yana makwancinsa. Wannan wani abu ne ya ari bakinsa." Tabawa ta daɗe tana riƙe da sifikar a cinya, tana jin ɗumin batir a tafin hannunta. Tsoro ya yi mata yawa, kuma ba wanda za ta fita ta tambaya. Da hannunta ta miƙa. Ya ɗora a kan dutse, ya sa guduma, ya kwashe ɓaraguzan ya zuba a tsohuwar rijiya.

Ta fita takaba da kwana kaɗan aka kira mai gyara, don wayoyi ba sa kama sabon waifan a ɗakunan ciki. Mutumin ya duba ya ce akwatin hanya biyu gare shi. Ɗaya masu abin na ce mata biyar, tana da gudu amma bango na tare ta. Ɗaya biyu da ɗigo huɗu, tafiyar hawainiya gare ta amma tana ratsa katanga, ita ce kuma aka bari a rufe. Ya danna da babban yatsa, ta buɗe. Sannan ya tambaya ina sifikar marigayi Alhaji, ai shi ya haɗa masa ita tun Alhajin yana aron waifan maƙwabci. Ita sifikar, hanyar nan mai ratsa katanga kaɗai ta sani. Da aka rufe mata ta gida, sai ta koma wa ta maƙwabci, wadda iyakarta wannan lungu.

Daga bayan labule Tabawa ta ce, "Ɗan nan, in an sayo wata, zai dawo?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce muryar tana can a ajiye, amma a kulle take da kalmar sirrin Alhaji, kuma waccan sifikar ce kaɗai ya bar wa ƙofar a buɗe. Aka binciki aljihunan riguna, aka zazzage takardun mota, ba wanda ya san kalmar. Ta tafi da mai ita.

Yanzu hanyar a buɗe take, tana ratsa kowane bango na gidan har ƙuryar ɗakin tsohuwar, ba mai biyo ta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.