Ranar da Ƙoƙon Kaka Ya Kife

Ni ne ɗan fari, don haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta nuna damuwa da ni a gaban mutane. Shekarar da ƙyanda ta shiga rugarmu kusa da Gwiwa, idanuna suka kumbura suka liƙe. Da la'asar ina kwance, sai na ji zarnin fitsarin saniya yana matsowa. Kakata ce ta wajen uba, ɗauke da ƙoƙon fitsarin da ta tara tun safe.

"Ku riƙe mini shi," in ji ta. "Da wannan na wanke idon ubansa."

Da shi kuma aka wanke idon ɗan maƙwabtanmu, ya makance. Hannaye suka danne kafaɗuna. Yatsan Kaka ya taɓa fatar idona.

Sai na ji ƙoƙo ya kife.

"Inna, ki gafarce ni, santsi ne ya kwashe ni," in ji mahaifiyata.

Rani ne, ƙasa a bushe. Kaka ta sunkuya ta ɗauki ƙoƙonta. Kafin shanu su dawo daga kiwo, Baba ya goya ni a keke zuwa asibiti a Kazaure.

Har mahaifiyata ta rasu ba ta ambaci sunana ba. Amma da idanun nan biyu na raka ta makwancinta.