Allon da Teunis Bai Gani Ba

Jirgin 'yan yawon shaƙatawa ya karyo kwanar kogin Lek da hantsi, fasinjoji suka cika saman bene suna ɗaukar hoto. Teunis kaɗai ne ya tsaya kamar an dasa shi. Iska na kaɗawa sosai, amma injinan iskan da ke jere a gaɓa, waɗanda ke kwashe ruwa daga gonaki, ko ɗaya ba ya juyawa.

"Ga danginka can suna hutu, tsoho," in ji Dirk, mahaucin da suka haɗa ɗaki a tafiyar. "Haka kuke aiki dama?"

Teunis ya ƙura wa injinan ido. Tun yana yaro yake tsaron injin iska, ya kuma san ba hutu ba ne. Kowane inji an tsayar da shi fiffiken ƙasa ya ɗan gota tsakiya. Tsayuwar makoki ke nan. Kuma duk an juya fuskokinsu waje guda, kamar yadda ake yi, suna kallon gidan da aka yi rashin.

Gidansa suke kallo.

Ba wanda ya san ya yi wannan tafiya. Da safiyar da ya fita sun yi cacar baki da matarsa Aaltje, ta ce masa zai mutu bai taɓa ganin abin da ke bayan gadar garinsu ba. Ya fice a fusace ana ruwan sama, ya tuƙa ƙaramin kwalekwalensa ya haye kogi, iska ta fizge masa hula a tsakiyar ruwa, ya ɗaure igiya a gaggauce, ya hau motar birni. Can ya sayi tikitin wannan jirgi.

Ya ga tsofaffin garuruwan Jamus masu titunan dutse, har da wani mai hasumiya a karkace, wanda sunansa ya kuɓuce masa yanzu. A kowace tasha yakan ce yau zai buga waya gidan maƙwabci, sai ya ce bari ta ɗan ji jiki tukuna. Ya dai saya mata mayafi shuɗi.

Aaltje kuwa tana da ciwon zuciya. Shi ke tuna mata magani.

Jirgin ya matso. Ya hango nasa injin, an cire allunan katakon da ke jikin fikafikan, sun zama ƙwarangwal. In matar mai inji ce ta rasu, akan cire allunan a bar guda ɗaya tak. Ya ƙanƙance ido yana neman wannan ɗayan. Ya bi fiffike na farko, na biyu, har na huɗu, bai gan shi ba. Ya ɗora laifin a kan idanunsa.

"Lafiya, aboki? Ka yi fari fat," in ji Dirk, wasan ya fita daga muryarsa.

"Ni na kashe ta," Teunis ya ce.

Babu zango a garinsu cikin tsarin tafiyar, amma matuƙin ya dubi fuskarsa sau ɗaya, ya raɓa da jirgin bakin gaɓa. Teunis ya sauka ba jaka, sai mayafin a hannu.

Hanyar kan ganuwar da ke tare ruwan kogi shiru. Wata yarinya a kan keke ta gan shi, ta saki keken ta ruga. Ya ce a ransa, ashe gari ya riga ya yanke masa hukunci. A bakin mashaya ya ga kwalekwalensa an jawo shi tudu, a kife, gefensa a fashe. Bai tsaya ba.

An ja labulen gidan duka. Kekuna jingine a bango, daga ciki ana waƙar coci a hankali. Ya tura ƙofa. Ƙamshin kofi da burodin zabibi ya doke shi. Maƙwabta cikin baƙaƙen kaya suka juyo, waƙar ta yanke, kofin wani ya faɗi ya tarwatse.

A kan kujerar kusa da murhu, Aaltje ce zaune da ranta, cikin baƙar riga, rungume da hularsa da aka tsamo daga kogi, ruwa ya kumbura ta.

Idanun Teunis lafiyarsu ƙalau: in mai injin ne da kansa ya mutu, ba a barin allo ko ɗaya.